Da Sauƙi, Sista

An cike kududdufin da ke bayan tsohuwar tasha, an jera shaguna a kansa, masu gyaran waya suna zaune daidai inda muke zubar da ruwan wanki. Na gani da idona ranar da muka je wani suna a wannan ɓangaren na Azare, ni da wata tsohuwar da muka yi zaman haya tare. Ita sai ta hau share hawaye da bakin mayafi, wai Allah sarki unguwarmu, wai an yi zaman amana, wai matan da su ne mata, mace ta haihu a bayan ɗaki ba wanda ya ji ko tarinta. Na bar ta ta gama, don ba na so a ce tsofaffi biyu sun yi cacar baki a bakin titi. Amma ni ban yi kewar wurin nan ba ko kaɗan. Da ni aka miƙa wa shebur da na taya su zuba ƙasar. Abin da ya dame ni kawai shi ne yanzu da aka shafe wurin masu yabonsa sun samu fili, babu sauran mai ƙaryata su sai irina, mu kuwa ƙarewa muke yi.

Gidan da muke ciki ɗakuna ne birjik suna kallon juna, salga ɗaya, rijiya ɗaya, su biyun kuma sun fi kusa da juna fiye da yadda ya kamata. Da asuba ba ladan ke fara tashe mu ba, kakarin masu layin salga ne da ƙarar guga tana dukan bakin rijiya. Rana na ɗagawa injin niƙan bakin lungu zai kama, ga turame, ga 'yan kamasho a tasha suna kiran Giade, Giade, saura mutum ɗaya, alhali motar ba kowa. Idan damina ta sauka kududdufin yakan tashi ya shigo mana har tsakar gida da duk abin da muka zuba masa da rani, mu jera duwatsu muna tsallakawa da goyo a baya. Ni wankau nake yi. Nakan karɓo kayan ma'aikata daga unguwannin da ke da famfo, in wanke su da ruwan rijiyar nan, in goge da dutsen guga na gawayi, in mayar musu suna ƙamshi ni ina warin hayaƙi. Yaran yanzu da ke murɗa famfo a cikin ɗaki su ne za a gaya wa daɗin wancan zama su yarda.

Mai iko da gidan ita ce Goggo, uwar mai gidan hayar, kuma ita ce ungozomar unguwar gaba ɗaya. Tana da reza a naɗe cikin tsumma da take sokewa a gefen zani, rabin yaran lungun da ita ta yanke musu cibiya. Ba zan ce muguwa ba ce, ta sha tashi daga kan tuwonta don matar da ba ta san sunanta ba. Amma ba ta son a fi ta sani, kuma babu abin da ta tsana irin asibiti. In ta ji mace ta ce za ta je awo, wato a duba mata ciki, sai ta tafa hannu ta ce, “Awo? Gero ce ke da za a auna ki? Mudu nawa suka ce kin kai?” Matan gida su kwashe da dariya. Takan ce ciki ba cuta ba ne, kuma mace mai raki ba ta cika mace ba. Mun haddace maganganun nan kamar karatu.

Ni dai na taɓa zuwa awon, a cikina na biyu, a wani ɗan asibiti da ke bakin titi wanda ba zan faɗi sunansa ba. A can na san Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu ciki. Doguwa ce, fararen kayanta kullum a goge, da agogo maƙale a ƙirji, Hausa kuwa a bakinta kamar ruwa, har da zagin da ni ban iya ba. Tun daga ƙofa take gane mu mutanen bayan tasha. Matan ma'aikata masu takalmi da jaka su takan ce wa sannu da zuwa. Mu sai ta toshe hanci ta ce, “Ku ba ku da ruwa a unguwarku ne? Matsa can.” Ranar na yi kuskuren ce mata marata na ciwo kuma ba na iya barci. Ta ɗaga murya yadda duk masu benci za su ji, ta ce, “Lokacin da kike neman cikin ni kika yi shawara da ni?” Aka yi dariya, har da 'yan unguwarmu. Na fito kunnuwana suna zafi, na rantse ba zan ƙara gaya wa mai farin kaya inda ke mini ciwo ba. Wannan ne darasin da na ɗauko daga awo, shi ne kuma na ajiye har na samu wadda zan koya wa.

Wata shekara aka kawo amarya ɗakin da ke jikin nawa. Bafulatana ce daga wata ruga a wajen Itas, siririya, mai yawan murmushi da ƙarancin magana, duk gidan 'yar Itas muke ce mata. Mijinta babbar mota yake bi, irin masu kai shanu kudu, sai ya yi sati biyu uku bai dawo ba. Suna son juna ƙwarai, har Goggo tana tsokanarsu wai an ga mai bin mota da ke wanke wa matarsa kwanuka. Yarinyar ta manne mini. Adda take ce mini, yadda suke kiran babbar yaya. Ta taya ni matse zannuwa, ni kuma na koya mata yadda ake zama da mutanen birni, yadda ake kare layin rijiya, yadda ake ɓoye sabulu. Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne a wurinta.

Da ta samu ciki ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda ya sa ran za ta faɗa. Cikin fari ne, kunyarsa ta fi ta komai, ko kalmar aka ambata a gabanta sai ta tashi ta shige ɗaki. Da a ce uwarta na raye da an zo an tafi da ita goyon ciki tun watan bakwai, amma uwar ta rasu, dangin uban kuma sun yi gaba da shanu. Saboda haka ta zauna a hannunmu. Ranar da mijin zai yi wata tafiya ya tsaya a ƙofar ɗakina da 'yar jakarsa, kansa a ƙasa, ya ce, “Adda, ga amana nan. In kin ga abin asibiti ne ki kai ta, na yarda, ba sai an jira ni ba.” Na faɗi wannan ne don masu cewa maza ne kullum ke hanawa. Wannan bai hana ba.

Wajen wata na takwas ƙafafunta suka kumbura. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Fuskarta ta yi suntum, zoben azurfar da ke hannunta ya nutse cikin nama. Goggo ta duba ta ce, “Namiji ne. Haka suke yi, tun a ciki suke cika wa uwarsu jiki.” Ta haɗa mata jiƙo da kanwa ta ce ta yi ta sha. Mata suka dinga yi mata barka wai ciki ya karɓe ta. Amma wata rana muna shanya na ga ta dafe igiya ta runtse ido. Na matsa mata da tambaya, da ƙyar, kamar mai amsa laifin sata, ta ce, “Adda, kaina ne. Kamar ana sara shi. Kuma ina ganin wasu ƙananan wuta-wuta suna yawo.” Ban san sunan ciwon ba a lokacin. Yanzu ko jikata da ke sakandare ta san cewa hawan jini ne na masu ciki, kuma in an kama shi da wuri ana tare shi. Ni dai nan take na ce mata gobe ranar awo ce, za mu je. Goggo ta bi mu da habaici har yamma, ban kula ta ba, ina ji a raina ni ce wayayyiyar gidan.

To ga abin da wayayyiyar ta yi. Ban so a wulaƙanta yarinyar nan yadda aka wulaƙanta ni, sai na tashi shirya ta. Na sa ta yi wanka da sabulun da nake wanke kayan ma'aikata. Na shafa wa yatsan sabulu na yi ta murzawa har zoben ya fita, don kada Sista ta gani ta ce ƙauyanci. Na ɗaura mata zanina na zuwa biki, dogo har yana share ƙasa, ya rufe ƙafafun ruf. Na ja mata mayafi har goshi. Sannan a hanya, muna tsallake kwatami, na yi mata huɗuba.

“In kin shiga, ki gaishe ta ki yi shiru. Kada ki yi mata dogon bayani, ba ta so.”

“To, Adda.”

“In ta tambaye ki jiki, ki ce da sauƙi. Kada ki yarda ki yi raki a gabanta, ta tara miki jama'a. Su da na'urarsu, su za su gano komai da kansu.”

“To, Adda.”

Na yi imani da maganar nan da na faɗa. Na ɗauka aikin asibiti ke nan, su ga abin da mutum bai faɗa ba.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba, amma benci ya cika har wasu na zaune a ƙasa. Aka yanka mata kati. Muka zauna har inuwar bishiyar da ke harabar ta tsere mana, ana ta shigar da masu takalmi ta gefenmu. Da aka kira ta na miƙe zan bi ta, Sista ta ce, “Ke ma cikin gare ki? Koma.” Na tsaya a bakin ƙofa inda labulen bai rufe ba, saboda haka na ga komai, babu wanda ya ba ni labari. 'Yar Itas ta hau sikeli ta sauka. Sista tana rubutu, ba ta ɗago kai ba, ta ce, “Wata nawa?” Yarinyar ta nuna da yatsu. “Yana motsi?” Ta gyaɗa kai. “Akwai matsala? Ya jikin?” Na ga 'yar Itas ta ɗan juyo ta kalli wajen ƙofa inda nake, sannan ta ce, “Da sauƙi, Sista.” Abin gwajin jinin nan da ake ɗaurawa a damtse ana matsa 'yar roba yana nan a kan tebur, a naɗe, tsakaninsa da hannunta bai kai kamu ɗaya ba. Matar da ta shiga kafin ita an ɗaura mata. Ita ba a ɗaura mata ba. Aka latsa cikin ta saman zani, aka zuba mata jajayen ƙwayoyin ƙarin jini a takarda, aka ce ta dawo bayan sati huɗu.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Wa ya taɓa jin mutumin ƙasar nan an tambaye shi jiki ya ce babu sauƙi? Wanda mota ta take da sauƙi yake cewa. Wanda ake karanta wa Yasin, in yana da sauran numfashi, da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce, ladabi ne, ba bayanin ciwo ba ne, kuma Sista ta san haka sarai, a nan ta girma, da ruwan nan aka yi mata wanka. Ta karɓi amsar ne saboda ita ce mafi gajarta kuma layi na da tsawo. Mu kuwa muka fito muna murna. Na saya mata rake a bakin titi, na ce, “Kin gani ko? Ko tsawa ba ta yi miki ba.” Da muka koma gida na ɗaga wa Goggo katin na ce likita sun duba sun ce lafiya lau. Goggo ta ce, “Ai na gaya muku. Kun dai kashe takalmi.”

Kwana tara bayan nan, da hantsi, ina durƙushe kan bahon wanki, ita kuma tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, sai na ji rariya ta faɗi. Na waiga na gan ta a ƙasa tana jijjiga, idanu sun juye, haƙora sun datse harshe, jini da kumfa na fita. Gidan ya kaure da salati. Goggo ta fito da gudu ta ce a riƙe ta, iskar kududdufi ce, ai ta sha hana ta zubar da ruwan zafi a bakinsa. Aka kawo garwashi aka zuba turare, aka tura mata hayaƙi a fuska. Aka aika wajen malami a karɓo rubutu. Na ce a kai ta asibiti, sai Goggo ta juyo ta ce, “Ba ke kika kai ta suka ce lafiyarta ƙalau ba? Wannan ba nasu ba ne.” Da katin da na ɗaga mata ta rufe mini baki, na kuwa rufe. Jijjigar ta lafa, ta dawo, ta lafa, ta dawo. Aka kira azahar muna nan a kanta, mata sun yi da'ira kowa na faɗin wadda ta sani da aka yi wa hayaƙi ta tashi.

Wadda ta fasa taron ba ma 'yar gidan ba ce. Wata Madam ce mutuniyar kudu da ke sayar da kwanuka a bakin lungu, ta shekara da shekaru a garin. Hayaniya ta jawo ta, ta leƙo, ta ture mu ta yaye zanin ta ga ƙafafun. Ta daka mana tsawa da Hausarta ta kasuwa, “Ku kashe shi ne? Wannan ba aljani ba! Ɗauka shi, ɗauka shi yanzu!” Goggo ta ce wa ya sa da ita. Madam ko kallonta ba ta yi ba. Mijin Madam na da a-kori-kura, amma lungunmu ko jaki da mangala da ƙyar yake wucewa, sai muka sauke jarkokin wani mai ga-ruwa muka shimfiɗa ta a kurarsa, muka tura ta cikin caɓi har bakin titi, ƙafafunta na reto.

Ɗan asibitin nan shi ne mafi kusa, kuma Sista ce a bakin aiki. Tana ganin yadda muka shigo da ita ta fara, “Haka kuke! Sai kun gama jiƙe-jiƙenku ku kwaso mana gawa. Me ya hana ku kawo ta awo?” Na ciro katin daga bakin zanina na miƙa mata. Ta duba, ta ga rubutun hannunta. Sannan ta ce, a hankali, “Ai na tambaye ta. Ta ce mini da sauƙi.”

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, “Da me kike so ta ce miki? Ke in uwarki na kwance aka tambaye ta, me za ta ce? Abin yana gabanki a kan tebur, kin ɗaura wa mai jaka, ita hannunta ƙaya gare shi?”

Ta ce, “Ni kaɗai ce a kan matan nan duka. Wadda ba ta faɗa ba ta yaya zan sani?”

Na ce, “Wadda ta faɗa me kika yi mata?”

Sai ta juya kan teburin. Ta warware abin gwajin jinin ta ɗaura wa yarinyar a lokacin, ta matsa, ta kalli abin da ya nuna, na ga fuskarta ta canza. Ta yi mata allura, ta shiga bayan a-kori-kurar da kanta da fararen kayanta ta riƙe kan yarinyar har babban asibiti. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi gudu a ranar. Amma gudun da ta yi bai kai nauyin ɗago kai sau ɗaya ba a ranar da ya kamata.

A can suka shige da ita suka bar mu a baranda. Kafin la'asar sakaliya wani likita ya fito ya ce ɗan ya riga ya mutu a ciki, namiji ne. Goggo da ta ji daga baya har cewa ta yi ai ta faɗa. Uwar ba ta farfaɗo ba. Washegari da safe aka ba mu ita, muka dawo da ita ta lungun nan, aka yi mata wanka a tsakar gida, maza suka ɗauka. Mata suka zauna suna cewa kwana ne ya ƙare, yarinya mai haƙuri, ko sau ɗaya ba a taɓa jin ta ce wash ba. Suna faɗa suna yabawa. Na tashi na bar musu wurin, don in na zauna zan zagi wata.

Mijin bai dawo ba sai bayan an yi sadakar uku, a tasha aka tare shi da labarin. Ya shigo da ƙaton bahon roba na wankan jariri a kafaɗa, don bai san inda zai ajiye shi ba. Ya daɗe a ɗakinsu. Da ya fito ya zo ƙofata ya durƙusa, babban mutum, idanunsa jawur.

“Adda, an gaya mini komai. An ce ke kaɗai kika tsaya mata. Kin kai ta awo, kin yi faɗa da Goggo, kin yi faɗa da ma'aikata. Kin riƙe amana. Allah ya saka miki da Aljanna.”

Ba wanda ya san abin da na gaya mata a hanya sai ni da ita. Goggo ba ta sani ba, Sista ma ba ta sani ba. Na zagi Sista a gaban jama'a, na yi shekaru ba na gaida Goggo, amma wadda ta zare zoben, ta rufe ƙafafun, ta sa mata amsar a baki, ita ce aka durƙusa ana yi wa addu'a. Ya ɗago yana jira in ce wani abu. Na buɗe baki da niyyar in gaya masa, wallahi na yi niyya.

Sai na ji na ce, “Amin. Allah ya jiƙanta.”

Ya yi shekara ashirin da wani abu bayan nan, duk sallah sai ya aiko mini da turmin atamfa. Na ɗinka, na ɗaura, har ya mutu ban gaya masa ba.